Mataccen Hanci

Duk wanda ya shiga shagon askin Agwagwa karon farko sai ya ɗauka kafinta ne ya cuce shi. Kujerar askin gajera ce, an datse mata ƙafafu, in ƙato ya zauna sai gwiwoyinsa su taso su kusa gaisawa da haɓarsa. An manna ta da taga. Fanka kuma tana gefen madubi tana huro fuskar mai zama, iskar ta bi ta kan mai askin ta fice waje. Shi kansa Agwagwa, da furfura ta fara yi wa sallama a gemu, yana aiki ne gwiwoyin hannunsa a manne da haƙarƙari, ba ya ɗaga su ko da almakashi zai miƙo. Samarin layin sun ɗauka salo ne. Har akwai masu koyon aski da ke kwaikwayonsa, suna matse hannu suna shan wahala, ba su san ko na mene ne ba.

Shi kuwa ba salo ya sa shi ba, wari ne. Yau yana faɗin kalmar da bakinsa yana dariya. Matarsa ma, da ta aure shi da abinsa, takan ce ta fi matan layin sa'a, don mijinta ne kaɗai ba a roƙonsa ya yi wanka. Amma akwai lokacin da duk gidansu aka rasa mai ƙarfin halin furta kalmar nan.

Abin ya zo masa ne a shekarun da murya ke fashewa. Yaro ne mai tsabta tun asali, irin wanda ke wanke silifas ya jingine a rana. Sai ga shi in ya shigo ɗaki, uwarsa ta tuna tana son ɗaga labule. In ya zauna cin abinci, ƙannensa su gano ashe ɗaya gefen ya fi daɗin zama. Ba wawa ba ne, bai daɗe ba ya gane, sai ya kama wanka. Ya yi da safe, ya yi in ya dawo makaranta, ya yi kafin ya tafi shagon ubansa, ya dawo ya sake. Yakan dirji hammatarsa da soso har ta yi ja tana raɗaɗi. Ya fito fes, ƙamshin sabulu na tashi, kafin ya kai bakin titi abin ya dawo ya zauna daram. Banɗakin gidan guda ne, kuma kullum a kulle yake, sai ƙarar bokiti daga ciki. Wata safiya ƙanwarsa, da ta gaji da tsayuwa a ƙofar da buroshin haƙori a hannu, ta ce, "Mama, ki ce wa agwagwar nan taki ta fito." Sunan ya bi shi har yau.

Aka yi zaman dangi a kansa, shi kuma yana banɗaki yana jin komai ta ƙasan ƙofa. Goggonsa ta ce tsami ne, kuma ita ta san tsami. Kakarsa ta ce wane irin tsami, wannan hamami ne, haka marigayi kakansa yake in ya sha rana, ta yi haƙuri da shi har Allah ya raba. Kawunsa, mai wurin wankin mota, ya ce shi dai ƙarni-ƙarni yake ji. Aka bi kalmomin nan ɗaya bayan ɗaya ana musu har abinci ya huce, kowa na kewaye wadda ta dace kamar rami a hanya. A ƙarshe aka daidaita a kan "abin nan". Abin nan ya yi sauƙi? Yau dai abin nan ya tashi. Ka sa wa abin nan lemun tsami?

Ya sa. Ya sa toka, ya sa hoda, ya sa abin shafawa na kemis mai ƙwallo a baki. Goggo ta hana shi albasa, kawu ya hana shi kifi, kaka ta hana shi ƙwai, ba don ta san dalili ba, don dai kada a bar ta a baya. Turare kuwa da ya fesa sai abin ya zama biyu, ga wari ga turare, kowa na cin gashin kansa. Tsaraba ma ta sauya masa: ƙannensa a kawo musu alewa, shi duk baƙon da ya zo sai ya miƙo masa sabulu yana murmushi yana kallon gefe. Da aka gaji aka kai shi asibiti. Likita ya duba ya ce lafiyarsa ƙalau, halitta ce da ƙuruciya, wasu yakan ragu musu in sun girma, wasu sai dai su koyi zama da shi. Uban ya fito ransa a ɓace. Shi ciwo ya so a ba shi mai suna da ƙwaya, ba wa'azi ba.

Duk wannan da sauƙi, da a ce sana'ar gidan ba aski ba ce. Manomi in ya yi wari, gona ce ta sani. Mai aski kuwa aikinsa ke nan ya tsaya a kan mutum ya ɗaga hannu, hammatarsa daidai saitin hancin bawan Allah, shi kuma an ɗaure masa wuya da ƙyalle ba damar gudu. Ga shi Agwagwa yana son askin nan kamar ransa. Tun yana ƙarami yake share gashi a shagon yana kallon hannun ubansa. Ya koyi riƙon kilifa a kan ƙannensa, waɗanda ba su da ikon cewa a'a, har hannunsa ya faɗa: in ya fitar da layin goshi sai ka rantse da rula aka ja. Uban ya ga haka, da aka yi dogon hutu ya sayo kujera ta biyu ya ajiye kusa da tasa, ya ce daga yau ta Agwagwa ce.

Ranar ce mutanen layin suka daina sauri. Mutum zai faɗo shagon yana duba agogo, yana roƙon a taimaka masa, ana jiransa a ofis. Uban na kan wani aikin, sai Agwagwa ya kakkaɓe ƙyalle ya nuna kujerarsa. Nan take bawan Allah zai nemi benci, ya ɗauki tsohuwar jarida ya ce, "Bari dai in jira maigida, ai ba sauri nake ba." Akwai wanda ya bar motarsa a kunne a bakin titi, shi ma ba sauri yake ba. Akwai wanda ya ce matarsa na asibiti tana naƙuda, da ya ga ƙyallen a hannun yaron sai ya tuna ai haihuwar fari takan ja lokaci. Benci ya cika da masu haƙuri, kujera ɗaya na aiki, Agwagwa na tsaye a gefen ɗayar da rigar leda mai sheƙi da ya goge tun safe. Babu wanda ya taɓa faɗa masa baƙar magana. Da sun zage shi ma da ya fi masa sauƙi, don zagi ana iya ramawa. Ladabin nan nasu shi ya riƙa cin sa, kullum ya koma gida da ƙunci a ƙirji ya shige banɗaki.

Uban yana son ɗansa, amma ba ya son ganin kujera a banza. Wata yamma suna rufe shago ya yi gyaran murya, idonsa a kan kwaɗo, ya ce, "Kawunka na neman hannu a wurin wankin mota. Aikin fili ne, ga iska, ga ruwa, kai kuma da ma ka saba da ruwa. In hutun nan ya ƙare kujerar nan ba ta samu mai zama ba, zan sayar da ita."

"To, Baba," in ji Agwagwa.

Ana haka Tsohon Direba ya shigo lamarin, Allah ya ji ƙansa. Mutum ne da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kan manyan motoci, ya ajiye aiki ya koma zaman bencin shagon yana gyara duniya da baki. Sanƙo gare shi mai ɗaukar ido. Gashin da ya rage masa ɗan zagaye ne ta ƙeya da bayan kunne, sai gemu. Yana zaune ranar da wani malamin makaranta ya yi nasa "ba sauri nake ba". Sai tsohon ya miƙe, ya ja ƙafa ya faɗa kujerar Agwagwa, ya ɗaga murya yadda har telan da ke maƙwabtaka zai ji.

"Ni hancina ya mutu tun ina kan hanya, hayaƙin mota ya ƙone shi. Ko mushe aka ajiye mini a cinya ban sani ba. Zo ka yi mini aski, yaro."

Uban ya tsaya da kilifa a sama. Kunya ta rufe Agwagwa, amma a ƙarƙashin kunyar ya ji wani sanyi da ya daɗe bai ji ba: ga mutum guda a duniya da zai tsaya kusa da shi ba tare da an riƙe numfashi ba. Ya ɗaura masa ƙyalle.

Daga nan tsohon ya zama nasa. Kan da ba ya buƙatar aski sai wata-wata ya koma zuwa kusan kullum, yau ƙeya, gobe gemu, jibi wai gashin kunne ya yi tsawo. Sai dai Allah bai yi mai mita irinsa ba.

"Saukar da gwiwar hannun nan, kana kare mini madubi. Ina so in ga abin da ake yi mini."

Agwagwa ya saukar. Da farko kafaɗa ta yi ciwo, daga baya ya saba.

"Wannan kujera ta masu dogayen ƙafa ce. Dubi ƙafata na lilo. A kira kafinta."

Aka datse ƙafafun kujerar, uban na gunaguni. Da kan tsohon ya sauko ƙasa, sai ya zama yaron ba ya buƙatar ɗaga hannu ko kaɗan. Bayan nan tsohon ya ce a ja shi bakin taga, yana son ganin motocin da ke wucewa ya zagi tuƙin yaran zamani. Ya ce fankar da ke bayansa tana sa masa ciwon wuya, a dawo da ita gaba. Ya ce rigar ledar nan tana kashe masa ido, a nemi ta auduga, kuma mai aski na kirki ba ya wuni da riga ɗaya. Agwagwa na yi yana ƙunƙuni a ciki, yana cewa tsohon nan da hancinsa ma na aiki ai da ba a zauna lafiya ba. Amma yana son sa. A gabansa kaɗai yake sakin jiki ya yi hira, ya yi dariya, ba ya tunanin ta ina iska ke kaɗawa.

Wata rana wani mai babur, wanda shi da gaske sauri yake, ya leƙo ya ga benci a cike, ya yi shahada ya zauna a gajerar kujerar. Ya tashi yana juya kai a madubi, washegari ya dawo da abokinsa. Malamin makarantar nan ma wata safiya ya manta cewa ba sauri yake ba. Abin nan bai je ko'ina ba, yana nan, sai dai yanzu ta taga yake fita maimakon ta hancin jama'a. Hutu na dab da ƙarewa uban ya daina zancen kawu.

To, in aski ya zo gaban goshi ya fi zafi. Wata rana da hantsi Agwagwa ya shafa wa tsohon kumfa, ya kwashe masa gemun ɓangaren dama tas, yana shirin komawa hagu. Shagon a cike yake, ana musun ƙwallo. Sai tsohon ya ɗaga kai, hancinsa ya motsa kamar na zomo.

"Ƙauri nake ji. Wani abu na ƙonewa."

Kowa ya shaƙa, ba wanda ya ji komai. Uban ya duba soket ya ce lafiya lau. Tsohon ya fizge ƙyallen ya yi waje da kumfa a rabin fuska, ya nufi shagon tela. Ashe telan ya tafi sayen zare ya bar dutsen guga a kife a kan yadin mutane, har ya cinye yadin ya fara cin tebur. Aka zare waya, aka watsa ruwa, hayaƙi ya tashi, sai a lokacin sauran hantunan layin suka farka. Jama'a suka taru ana sa wa tsohon albarka. Mai babur ya ce, "Kai, Baba, wannan hanci naka ai ya fi na kare." Da zuciya ɗaya ya faɗa, sai da maganar ta fita ya ji abin da ya ce.

Agwagwa na tsaye a ƙofar shago da reza a hannu. Ya dubi tsohon, tsohon ya dubi ƙasa. Nan take komai ya jeru masa: madubin da wai yake karewa, ƙafar da ke lilo, ciwon wuya, rigar da ke kashe ido. Ashe duk ranakun da ya saki jiki yana dariya a kan mutumin nan, mutumin yana ji, haɗiyewa kawai yake. Kunyar da ta kama shi ta fi ta ranar farko, har da haushi a cikinta, don gani ya yi an mai da shi abin tausayi. Ya ajiye rezar a kan tebur ya bi ta bayan layi ya tafi gida. Washegari da kansa ya je wurin kawunsa ya karɓi bokiti da soso.

Nan fa tsohon ya nuna wa layin abin da ake kira taurin kai. Uban ya ce ya zauna a ƙarasa masa askin, ya ce wanda ya fara shi zai gama. Haka ya riƙa yawo da rabin gemu, dama sumul, hagu dajin Allah. Ya je kasuwa da shi, ya je duba marar lafiya da shi. Yara na bin sa da dariya, matarsa ta ce ba za ta ƙara jerawa da shi a titi ba. Da ɓangaren daman ya fara tsirowa, ya sa reza da kansa ya sake kwashe shi, don kada gemun ya daidaita a bayan idon mai aikin.

Wata rana da rana tsaka Agwagwa na durƙushe yana dirzar tayar wata mota, sai ya ga silifas ɗin da ya sani sun tsaya a gefen bokitinsa. Bai ɗago ba.

"Sannu da aiki," in ji tsohon.

"Yauwa, Baba."

"Ba ka gaishe ni ba."

"Ina wuni, Baba." Ya ci gaba da dirza. Can ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Ka ce hancinka ya mutu."

"Na ce. Ƙarya na yi, Allah ya yafe mini. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kai kuma ka fi kowa sanin wanka." Tsohon ya jawo wata tsohuwar taya ya zauna da ƙyar. "Kana wari, yaro. Ina ji tun ranar farko, yanzu ma ina ji."

Soson ya tsaya a hannun Agwagwa. Tun da abin ya fara ake kewaye kalmar nan a kansa, har ya ɗauka ranar da wani ya furta ta ƙasa za ta tsage. Ga shi an furta ta a fili, kuma injin feshin ruwa ko daina ƙara bai yi ba. Idonsa ya ciko.

"To me ya sa ka zauna, Baba? Tausayi?"

"Tausayin wa? Ubanka ya daɗe yana yanka ni a bayan kunne yana cewa ƙurji ne. Kai ba ka taɓa ba." Ya sosa rabin gemunsa. "Ka ga yadda na tashi ranar nan da na ji ƙauri?"

"Na gani."

"Wuta ce, ita ake tashi wa a guje. Naka wari ne kawai. Ka taɓa ganin na tashi?"

Agwagwa ya jefa soson cikin bokiti. Kawunsa, da ke laɓe bayan motar yana saurare, ya ga ya kamata ya je ya duba tanki.

Tsohon ya dafa gwiwa ya miƙe. "Je ka yi wankanka, tunda sai da shi, ka same ni a shago. Kada ka daɗe. Ni sauri nake."

Da Agwagwa ya iso shagon da rigar auduga, kansa da sauran danshi, benci a cike yake, kowa ya duƙufa a kan jarida, har da mai riƙe da tasa a juye. Uban ya miƙo masa sabuwar reza. Gajerar kujerar na nan bakin taga ba a sayar ba, tsohon na kanta ya riga ya ɗaura wa kansa ƙyalle a karkace. Agwagwa ya gyara ɗaurin, ya shafa kumfa a kuncin hagu. Kwanakin wankin mota sun mantar da shi, sai ya ɗaga gwiwar hannu ya sunkuyo.

"Saukar da hannun nan," in ji tsohon. Wannan karon bai yi zancen madubi ba.